Kai Wanga, Ka Ci?

Ni ba mutumin tafiya ba ne, duk wanda ya san ni a Talata Mafara zai faɗa maka. Ko Gusau aka aike ni, sai in yi ta waiwaye kamar na bar tukunya a kan wuta. Karatuna bai wuce allo da ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci ba. Sana'ata shayi, surutu kuwa ba a magana. Abu ɗaya Allah Ya ba ni, shi ne kunne. In ka yi magana a gabana yau, baɗi zan maido maka da ita da muryarka, har da inda ka tsaya ka yi tari. To, kunnen nan ne ya ɗora ni bisa buhunan albasa a bayan wata tsohuwar gingimari, ya kai ni ƙasar da ko a mafarki ban taɓa takawa ba.

Lokacin ana gina dam ɗin Bakolori. Teburina yana kusa da ƙofar da ma'aikata ke shiga. Ƙauyenmu kuwa yana ƙasar Maradun, a cikin kwarin da aka ce ruwa zai cinye. An riga an bi itatuwa an shafa musu jan fenti, can sama da kan mutum, aka ce nan ruwa zai tsaya. Mutane suka fara kwance jinka suna komawa tudu. Innarmu ta ce ita ba inda za ta.

"Mi za ni yi can?" in ji ta. "Wa za shi kai mini tsamiyata bisa tudu?"

Kowa ya san ba tsamiya ba ce. Yayanmu Haruna, ɗan farinta, ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Aka gama yaƙi, masu dawowa suka dawo, shi babu shi babu labarinsa. Tsoronta kada ya zo wata rana ya iske ruwa a inda ya bar gida. Amma ba ta iya faɗa, saboda alkunya. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna tana sonsa, ba ta ko tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Haruna a bakinta ba. In ya shigo daga gona sai ta juya baya, ta ce wa bango, "Kai wanga, ka ci?" Shi kuma ba ya ce mata Inna. Abin da dangin babanmu ke kiran ta da shi yake kiran ta, da yake daga Bakura aka auro ta. Sai ya ce, "Na ci, Ta-Bakura." Iyakar hirarsu ke nan, kuma duk soyayyar duniya tana ciki.

A cikin masu shan shayina akwai wani akawu Inyamuri, Mista Uzo, siriri, mai yawan shiru. A Sabon Garin Zariya aka haife shi, Hausarsa tas. Abokan aikinsa suka ce marubuci ne, yana da littattafan ƙagaggen labari da Turanci, duk a kan yaƙin nan. Na lura da wani abu game da shi. Duk lokacin da wani ya ɗaga murya a kasuwa ya ce "kai wanga!", sai kofin ya motsa a hannunsa.

Wata ranar Talata da hantsi na tsokane shi. Na ce, "Akawu, kullum sai rubutu kamar mai bin aljani. Ba ka ba mu labari mu ma mu ji?"

Ya ce, "Mai shayi, ai aljanin ne ke bi na. Mutum ɗaya ne. A littafin farko na kashe shi da harsashi. A na biyu na jefa shi a kogi. Ina fara na uku na iske shi zaune a shafin farko, yana jira na."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce shi ma ya yi yaƙin, a ɗaya ɓangaren, yana saurayi. Da komai ya watse ya koma ƙauyensu da yunwar da har ta kumbura masa ƙafa, sai ya iske uwarsa ta ɓoye wani sojan Arewa a rumbun doya, mai rauni a ka, tana ba shi abinci a kwanon da shi Uzo yake ci. Ya yi faɗa, ya yi kuka. Uwar ta ce, "Da ba ka nan, ina roƙon Allah Ya sa wata ta ba nawa. To ga na wata." Bai iya zama gida ɗaya da shi ba, ya bar garin. Har uwar ta rasu bai koma ba.

"Hankalinsa ya taɓu," in ji shi. "Ba ya magana da kowa, sai da kansa. Da murya biyu."

Sai ya ajiye kofin, ya karkata kai, ya sirantar da murya. Ya ce, "Kai wanga, ka ci?" Ya kuma amsa da ta namiji: "Na ci, Ta-Bakura."

Butar da ke hannuna ban san lokacin da ta faɗi ba. Ba kalmomin kaɗai ba ne. Innarmu tana da wata 'yar kakara a maƙogwaro, tana jan "wanga" ɗin ta sake shi ƙasa kamar mai ajiye tulu. To, haka ta fito daga bakin Inyamurin nan, da hantsin nan, ga taraktoci na wucewa. Muryar uwata ta je yaƙi a bakin ɗanta, ta dawo a bakin abokin gabansa.

Mista Uzo ya ce saboda sunan Bakura ya nemi aiki a nan. Ya yi ta tambaya, ana ce masa ai matan Bakura ba su ƙirguwa. Na ce masa sojan nan yayana ne, ya raka ni ƙauyensu. Ya girgiza kai, ya ce ƙafarsa ba ta iya taka wannan hanyar. Ya so ya rubuta mini takarda, na ce takarda tana jiƙewa, ya faɗa mini da baki kawai. Ya yi wata doguwar magana da yarensu, wadda zan faɗa wa yayarsa Nkechi. Ya maimaita, na ɗauke ta kamar waƙa, ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba.

Daga Mafara zuwa Kaduna ban ga komai ba sai albasa. Warinta ya shiga rigata, ya shiga tunanina. A bayan Funtuwa taya ta fashe, muka yini a gindin wata ɗorawa. Yaran mota suna ta yi mini dariya, wai ina magana ni kaɗai da yaren da ban sani ba. Saƙon nake bita kada ya zube. Wani Bakano da muka hau tare ya ce, "Malam, in mayu ne suka kama ka, ka faɗa tun muna kusa da gida." Na ce, "Alhaji, ai da mayu ne da na ji sauƙi, su aƙalla an san maganinsu."

Daga Lakwaja ƙasa ta fara sauya mini. A wajenmu in ka tsaya kana ganin ƙarshen duniya ta ko'ina. Can kuwa daji ya rufe sama, hanya ta zama kamar zaure mai tsawo. Ruwa ba ya gajiya. Ba ka jin daka, ba ka jin kiran salla, sai wasu tsuntsaye masu kuka kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Na fara kewar abubuwan da ban taɓa sanin ina so ba, har da kukan jakin maƙwabcinmu da nake zagi kullum.

Da muka tsallaka babbar gada muka shiga Anacha, sai na ga yaƙin da aka ce an gama tuntuni yana nan zaune. Bangaye duk huda-huda kamar rariya. A gefen hanya wata motar yaƙi ta yi tsatsa, ciyawa ta fito ta bakin bindigarta, mata sun shanya rogo a kanta. Samari sa'annina, wani ba ƙafa, wani ba hannu, suna zaune jere suna kallon motoci. Ba su roƙo da baki. Kallo kawai.

A zangon Hausawa aka cuce ni, kuma ɗan'uwana ne ya yi. Wani mai farin gemu da carbi, da ya ji abin da ya kawo ni, sai ya kama hannuna ya ce, "Allahu Akbar! Dogo ne ko? Mai 'yar wushirya? Da hannuna na sa shi a ƙasa." Ni da bakina na riga na faɗa masa dogo ne, amma a lokacin ban tuna ba. Ya kai ni bayan wata makaranta da ba rufi, ya nuna mini wani tudun ƙasa. Na durƙusa na yi kuka har na gode Allah. Na tuɓe babbar rigata ta Juma'a na ba shi, na haɗa masa da ɗan rediyona.

Washegari na koma in ƙara addu'a kafin in juya gida. Tun daga nesa na ji muryarsa: "Da hannuna na sa shi a ƙasa." Da irin saukar muryar, da irin shessheƙar. Na leƙa, sai ga wani tsoho Bafulatanin Gombe durƙushe a kan tudun nan, yana kiran sunan nasa ɗan. Kabari ɗaya, 'ya'yan mutane ba iyaka. Na koma da baya. Tsohon yana kuka da irin natsuwar da na yi jiya, ban iya ƙwace masa ita ba. Da na duba da kyau ma, gidan gara ne.

Na zauna a bakin tasha, ba riga, ba dabara. Wata mai sayar da shinkafa, ƙatuwa, ta daɗe tana kallona. Can ta ce da Hausa, "Ɗan Arewa, wa ya mutu?"

Na ce, "Shi ne ban sani ba, Iya."

Ta zuba mini shinkafa, ta ce babu naman da zai dame ni a ciki, in ci. Ta ce a Gusau ta yi aure, a layin 'yan reluwe. "Ranar da muka gudu, miya na bari a wuta. Kuɓewa ce. Har yau in na kwanta ina jin ƙaurinta." Ta tambaye ni ko har yanzu ana kawo fura mai kyau daga Kwatarkwashi, na ce ana kawowa. Ta share ido da gefen zane, ta ce hayaƙi ne. Da na faɗa mata sunan ƙauyen su Mista Uzo, ashe ta san shi. Ta kama hannun wani direba ta yi masa faɗa da yarensu, kamar ya riga ya ɓatar da ni, ya sa ni a gaba kusa da shi.

Da la'asar sakaliya ya sauke ni a wata mararraba, ya nuna wata siririyar hanya. Na bi ta tsakanin bishiyoyin kwakwar manja. Ba iska, ba motsi. Duk gidan da na wuce sai hira ta tsaya. A ƙofar wani gida mai jan bango na ga mace tana tsince kwakwa a daro, goshinta irin na Mista Uzo sak. Na yi sallama, ba ta amsa ba. Sai na rufe ido na sako saƙon yadda aka ba ni.

Ban yi tunani ba. Da na sani da na faɗe shi da tawa muryar. Amma kunnena ba ya raba magana da mai ita. Ya fito da muryar Uzo, da 'yar in'inarsa, da yadda yake haɗiye ƙarshen zance. Daron ya kife. Matar ta ja da baya har ta jingina da bango, tana duban bayana, tana neman ƙanen da ta yi shekaru ba ta gani ba. Babu kowa sai ni, baƙin Bahaushe mai warin albasa.

Da ta dawo hayyacinta sai ta yi mini Hausar Zariya wadda ta kwana biyu ba a taɓa ba. Ta ce, "Ya ce kai ƙanen mutumin Mama ne. Ya ce in yafe masa." Ta dube ni sama da ƙasa. "Kunnenku iri ɗaya. Zo."

Ta kai ni bayan rumbun doya. Kaburbura biyu ne. Ɗaya da gicciye, na uwarsu. Ɗayan ba komai sai duwatsu a jere, an karkata shi daban. Ta ce na yayana ne, ya yi shekaru tare da su bayan yaƙi, yana kiwon awakin gidan. Bai taɓa cutar ko kaza ba. Da zazzaɓi ya ɗauke shi, uwarsu ta taka da ƙafa har kasuwar shanu ta kirawo Hausawa suka yi masa wanka da salla, suka daidaita shi gabas.

Na ce, "To me ya hana a maido mana shi da ransa?"

Ta ce, "Mun kai shi wajen sojoji. Aka ce mene ne sunansa. Shi kuwa duk wanda ya tambaye shi suna, abu ɗaya yake faɗa. Wani saje ya yi dariya, ya ce wannan ba suna ba ne, a mai da shi." Ta dubi duwatsun. "Mu dai da shi muke kiran sa. Kaiwanga."

Ƙarfen da ya shiga kansa ya share komai. Ya share Haruna, ya share Maradun, ya share ni. Abin da ya rage masa shi ne abin da uwarsa ke ce masa.

Ina durƙushe ina addu'a, rana ta yi ja, sai na ji daga cikin gida:

"Kai wanga, ka ci?"

Na katse addu'ar. Muryar Inna ce, da kakarar, da ajiye tulun. Sai wasu ƙananan muryoyi suka amsa tare: "Na ci, Ta-Bakura!" Na miƙe na leƙa. Jikokin gidan ne zagaye da kwano, babbarsu ta tambaya, sauran suka amsa, kana suka sa hannu. Nkechi ta ce ba su san ma'anarsa ba. Shi ya riƙa faɗa kafin ya ci, yara suka ɗauka addu'ar abinci ce ta mutanenmu. Waɗanda aka haifa bayan rasuwarsa ma sun gada. A gidan nan ba a fara cin abinci sai uwata ta yi tambaya.

Suka matsa mini, na zauna na ci tare da su. Ban san abin da na ci ba.

Dawowa ba ta da labari, sai dai na iso Mafara a rame, da rigar mijin Nkechi a jikina. Mista Uzo na fara gani. Na ba shi labari duka, na kuma ba shi amsar yayarsa da muryarta, ya rufe fuska da hannu biyu. Da ya buɗe ya ce, "Ashe a kan tabarma ya mutu, da awaki a ƙofa. Ni kuwa ina ta harbin sa." Ya yi wata dariya marar daɗi. "To yanzu me zan rubuta, mai shayi?"

Na ce, "Akawu, ni ban san aikinku ba. Amma ka bar mutumin nan ya huta, kai ma ka je gida. An ce kwanonka yana nan."

Bai cika wata ba ya ajiye aiki. Daga baya wani injiniya ya ce mini littafin ya fito, kuma a cikinsa ba wanda ya kashe sojan, tsufa kawai ya yi.

Ƙauyenmu na iske ba kowa. Gidaje ba jinka, kamar bakin da aka cire wa haƙora. Ruwa ya riga ya shanye gonakin fadama, yana tahowa a hankali ba ƙara, kan dawar da ba a girbe ba yana leƙowa. Hayaƙi ɗaya ne a garin, na Inna. Tana zaune a gindin tsamiya, jan fentin nan yana can sama da kanta.

Na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi hanya, ta tambayi ruwan can, ta tambayi ko suna da gero. Komai ta tambaya ban da abin da ya kai ni. Ni ma na bi ta a haka. Sai da gaisuwa ta ƙare ƙaf, ta juya ta fuskanci gindin itacen.

"Wanga…" ta ce. "Shina ci?"

Na ce, "Ya ci, Inna. Wata tsohuwa ta riƙe shi kamar nata. Bai kwana da yunwa ba har Allah Ya karɓi abinSa. An yi mashi salla, na ga wurin."

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Na yi niyyar in tsaya nan, sauran in bar shi a cikina. Amma Inna ba a yi mata ɓoyo.

"Da wane suna suka rufe shi?"

Na sunkuyar da kai ina tonon ƙasa da tsinke.

"Auta, da kai nike."

Na ce, "Da wanda kike kiran shi. Shi kaɗai ya tuna."

Na ga bayanta ya sunkuya kaɗan. Wata akuya ta zo ta shinshini hannunta, ba ta kore ta ba. Can ta juyo, ba bango, ba itace, ta dubi ruwan da ke tahowa. Ta buɗe baki kamar mai ɗaga dutse.

"Haruna," ta ce.

Sunan ya fito mata baƙo, kamar ba yarenta ba. Ta sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, har ya bi kangayen garin ya dawo. Ba wanda ya ji sai ni da awaki.

Ta miƙe ta kakkaɓe zane. Ta ce, "Kwance mini awakin. Ka ɗauko tukunyar, ka kashe wutar da kyau."

Muka hau tudu kafin rana ta faɗi, tana gaba ina biye. Ba ta waiwaya ba. Ni ne na yi ta waiwaye, kamar yadda na saba.

Inna ta daɗe da rasuwa, tsamiyar tana ƙarƙashin ruwa. Ni kuwa ina nan da teburina, ban sake wuce Gusau ba. Sai dai in baƙo ya sauka daga mota ya zauna a bencina, wanda ban san sunansa ba, kafin in ɗora ruwa nakan ji bakina ya tambaye shi ko ya ci. Kuma ba kullum ba ne muryar take zama tawa.